Ƙeyar Igwa da Faɗuwar Yola: Ƙorafi ga Marubutanmu

A ranar 2 ga watan Satumba na shekarar 1901, lokacin da kogin Binuwai ya cika ya batse, jiragen ruwan Ingilishi suka sauke rundunar Laftanar-Kanar Morland a kusa da Yola. Turawa 22 ne, da sojojin haya baƙar fata 365, da bindigogi masu jigida guda huɗu ƙirar Maxim, da kuma igwa biyu masu faɗin baki milimita 75. Cikin yini ɗaya aka gama da birnin da Modibbo Adama ya kafa tun 1841. Lamiɗo Zubairu ya fice daga fadarsa ya nufi gabas, bayan 'yan kwanaki kuma aka ɗora ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu a kan gadon sarauta. Zubairu bai ajiye takobi ba. Ya sake karawa da Jamusawa a Garwa, sannan a Marwa cikin watan Janairun 1902, ya yi ta gudun hijira har ajali ya cim masa a farkon shekarar 1903.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a unguwar Makama, ko Toungo, ko Bako, ko ma can Jimeta. Tsofaffi sun ba da shi da Fulatanci, 'yan kasuwa sun ba da shi da Hausa, masana kamar Farfesa Sa'ad Abubakar da Martin Njeuma sun rubuta shi da Ingilishi. Ƙorafinmu a nan yana kan yadda ɗalibai da malamai masu sha'awar ƙagaggen rubutu suke sarrafa shi, da shi da ire-irensa na Kano da Sakkwato da Burmi, a duk lokacin da suka ɗauki alƙalami. Za ka tarar an siffanta doki tun daga linzami har zuwa jalala. An faɗi launin rawanin kowane jarumi, an ji amon kakaki, an ga hawayen mata a bayan danga. Amma da zarar an zo kan igwa sai alƙalami ya dushe. Sai a ce ta yi tsawa kamar aradu, ta yi aman wuta, ƙasa ta girgiza, maza suka faɗi. Shi ke nan. Abin da ya rusa daula sukutum ba ya samun ko da rabin kulawar da ake ba sirdin doki.

Muna ganin wannan ba ƙaramar kasala ba ce, kuma illarta ta zarce fagen adabi. Wanda ya kira abu aradu ya riga ya yanke hukunci cewa abin daga sama ya faɗo, ba hannun ɗan Adam ne ya ƙera shi ba, saboda haka babu amfanin tambayar yadda yake aiki. Alhali kuwa igwar da Morland ya kawo Yola ƙarfe ce da aka narkar, aka sassaƙa, aka auna, aka murɗa mata tiredi irin wanda kowane bakanike a garejin Jimeta yake gani a jikin noti kullum safiya. Mai karatu ya yi haƙuri mu buɗe masa ita, tunda marubutanmu sun ƙi.

Tsohuwar igwa ta baki take ci, kamar yadda bindigar maharbanmu take ci har gobe. Bututu ne mai rufaffen ƙarshe. Idan za a harba ta sai a tsaya a gabanta a goge cikinta da jiƙaƙƙen tsumma don kashe ragowar garwashi, a ɗura albarushi, a tura harsashi, a danna da sanda, a koma baya a sa wuta ta wata 'yar kafa. Tana tashi sai ta yi shuri ta koma da baya da ƙafafunta duka, sai an turo ta an sake saiti. Ƙwararrun ma'aikata ba su cika wuce harbi biyu a minti ɗaya ba, kuma duk wannan hidima a tsaye ake yin ta, ƙirji a buɗe ga kibiyar abokin gaba. Wani aibin kuma shi ne, tunda ta baki harsashin zai shiga, dole ya ɗan fi bututun ƙanƙanta. Ta wannan ratar iskar albarushi take zurarewa, ƙarfi ya ragu, harsashi ya fita yana tangaɗi.

Maganin abin a bayyane yake ga kowa: a buɗe bututun ta baya, wato ta ƙeya, a sa harsashi ta can, a rufe. To, a nan gizo yake saƙar. Lokacin da albarushi ya kama, iskar da ke cikin bututun tana tura ko'ina da ƙarfin da ya kai nauyin tan da yawa a kan wurin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Ƙofar da za a yi a ƙeya dole ta jure wannan tunkuɗa ba ta ɓalle ba, dole ta toshe ruf ko numfashi kada ya fita, kuma duk da haka dole mutum ɗaya ya iya buɗe ta da hannu cikin ƙiftawar ido. Waɗannan buƙatu kishiyoyin juna ne, don abin da ya rufu gam ba ya buɗuwa da sauƙi. Tun ƙarni na 14 maƙeran Turai suke gwada igwa mai ci ta ƙeya. Sukan yi wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai hannu kamar moɗa, su cika shi da albarushi, su cusa shi a bayan bututu su doka masa itace ya matse. Wuta ta riƙa fesowa ta mahaɗin tana ƙona fuskokin masu harbi. Shekara wajen ɗari biyar suka yi suna wannan fama ba su ci nasara ba.

Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau, domin ita kaɗai ta isa ta karya camfin nan na cewa Bature da iliminsa aka haife shi. Ko a ƙarni na 19 ma tuntuɓe suka yi ta yi. A shekarar 1859 gwamnatin Ingila ta karɓi igwar William Armstrong mai ci ta ƙeya da murna da alfahari, amma kafin a yi shekara goma sai ga sojojinta sun koma wa mai ci ta baki, saboda murfin Armstrong yana da wuyar sha'ani, wani lokaci ma yakan yi tsalle ya fice idan ba a ɗaure shi sosai ba. Ba su dawo kan hanya ba sai wajen 1880, bayan wata ƙatuwar igwa mai ci ta baki ta fashe a jirgin yaƙinsu mai suna Thunderer a 1879 ta kashe ma'aikata, bincike kuma ya nuna ɗuri biyu aka yi mata a kan juna ba a sani ba, kuskuren da ba ya yiwuwa ga wanda ke leƙa bututu ta baya. A tsakanin nan Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a yaƙin 1870, inda igwogin ƙarfe na kamfanin Krupp masu ci ta ƙeya suka yi kaca-kaca da na tagulla masu ci ta baki.

Hanya biyu aka bi aka warware matsalar ƙofar. Ta Krupp ita ce sakata. Ana huda ƙeyar igwa ta gefe, a zura wani dunƙulen ƙarfe mai ɗan tsini kamar bakin gatari, yana zamewa ya toshe bayan bututu, a ja shi gefe ya buɗe, tamkar dai sakatar ƙofar zaure. Ta Faransawa kuwa, wadda Ingilishi suka ara daga baya, murfi ne mai tiredi. Amma da a ce tiredin cikakke ne irin na noti, sai an yi ta murɗawa sau goma ko fiye kafin ya shige, kafin nan mahaya sun iso. Sai aka yi dabara aka kankare tiredin a wasu sassa. A raba da'irar murfin gida shida, a bar tiredi a gida uku a share uku, a yi haka nan a cikin ƙeyar bututun. Idan aka daidaita inda ke da tiredi da inda babu, murfin zai shige kai tsaye har ƙarshe ba tare da murɗi ba. Sannan a juya shi kashi ɗaya cikin shida na da'ira kawai, haƙora su shiga cikin haƙora, ya kulle. Wani mutumin Suwidin mai suna Axel Welin ya ƙara gyara abin a wajen 1890, ya yi tiredin hawa-hawa kamar matakala, ta yadda mafi yawan da'irar za ta riƙa ɗaukar nauyi maimakon rabinta, murfin ya gajarce ya yi sauƙin lilo a kan maratayinsa. Kamfanin Vickers ya saye wannan dabara.

Kullewa daban, toshe iska daban. Ko tiredi ya kai yaya kyau, iska mai zafi za ta sami hanya ta bi, ta cinye ƙarfen a hankali. A nan ne wani hafsan Faransa, Charles de Bange, ya kawo abin da ya kamata kowane ɗalibinmu ya ji ya yi dariya, sannan ya yi tagumi. A shekarar 1872 ya ƙera wani ƙarfe mai siffar laimar kwaɗi, kansa yana fuskantar albarushi, ƙafarsa ta ratsa tsakiyar murfin. Tsakanin kan laimar da fuskar murfin ya sa wani gammo da aka yi da zaren asbesto wanda aka jiƙa da kitsen tunkiya. Idan aka harba, iska ta danno kan laimar baya, laimar ta matse gammon, gammon ya bazu ta gefe ya lafe a jikin bututun ya toshe kowace kafa. Gwargwadon ƙarfin iskar, gwargwadon ƙarfin toshewar. Da iska ta fice ta baki sai gammon ya saki, murfi ya buɗu salin-alin. Manyan igwogin da ake sa wa albarushi cikin jaka har yau a kan wannan ƙa'ida suke tafiya. Kitsen tunkiya, jama'a! Abin da mahautan kasuwar Yola suke jefa wa mai saye a matsayin gyara.

Ƙananan igwogi kuma wata hanyar suka bi, wato kwanson tagulla. Ana haɗa harsashi da albarushi da 'yar hular da ke tayar da wuta duk a kwanso ɗaya, kamar dai harsashin bindiga amma ƙato. Tagulla tana da wata ɗabi'a: idan iska ta hura ta daga ciki sai ta kumbura ta manne da bangon bututu ta hana iska komawa baya, da matsin ya wuce kuma sai ta ɗan tsuke, a zaro ta a yar. Aka zo aka haɗa wannan da tsagi mai murɗewa a cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazari a hannun mai kaɗi, ya tafi a miƙe. Aka ƙara da albarushi marar hayaƙi wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884. Aka ɗaure shurin igwa da silinda mai cike da mai, fistin yana tura man ta ƙananan ramuka yana shanye ƙarfin, sifirin ko matsattsiyar iska kuma ta mayar da bututu mazauninsa. Duk direban da ya taɓa canza abin da ke shanye girgizar mota a kan hanyar Numan ya san wannan aiki ko bai san sunansa ba. Igwar Faransa ta shekarar 1897 da ta tattara waɗannan dabaru tana iya harbi goma sha biyar a minti ɗaya ba tare da ƙafafunta sun gusa ba.

Igwar da rundunar Gwamna Lugga ta soma riƙewa a farkon ƙarni na 20 ƙirar kamfanin Vickers da Maxim ce, 'yar gajeruwa, an yi ta ne don hawa duwatsu. Murfinta mai kankararren tiredi ne, harsashinta na kwanso ne mai nauyin kusan kilo shida, tana kuma jefa shi fiye da kilomita huɗu. Ana kwance ta gunduwa-gunduwa, a wasu ƙasashe alfadarai su ɗauka, a ƙasarmu kuwa kawunan 'yan dako ne suka ɗauke ta. Wannan ita ce aradun da mawaƙanmu suke faɗi.

Wani zai ce ai Lamiɗo Zubairu ma yana da igwa. Gaskiya ne, kuma wannan ya fi komai ƙarfafa hujjarmu. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, wanda ya zo Yola a 1891 ya kuma sake dawowa, yana neman ya sha gaban kamfanin Neja na Ingilishi, ya bar wa Lamiɗo igwa biyu. An harba su a ranar yaƙin, a wajen fada, inda aka fi yin turjiya, tare da taimakon wasu tsofaffin 'yan bindigar Rabe da suka sami mafaka a Yola bayan Faransawa sun kashe ubangidansu a Kusuri a 1900. Amma igwar kyauta ba ta zuwa da maƙerarta. A bayan kowace igwa ta Morland akwai ma'aikatar narkar da ƙarfe, da injin da ke sassaƙa tiredi daidai wa daida ta yadda murfin da aka yi bana zai shiga bututun da aka yi bara, da masana'antar kwanso, da makarantar da ke koya wa mai harbi lissafin nisa, da jirgin da ke kawo akwatunan harsashi daga Lakwaja. A bayan igwar Zubairu kuwa babu kowa sai Mizon, shi kuma ya daɗe da komawa gida. Bugu da ƙari, tun 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burasels suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Suka bar mana bindigar toka, suka riƙe mai ci ta ƙeya.

Kada kuma a ce kakanninmu ba su san igwa ba sai da Nasara ya zo da yaƙi. Shehu Laminu na Barno ya yi amfani da igwa biyu a kan mayaƙan Bagarmi a Ngala a 1824, bayan kafintan da ya zo tare da Denham da Clapperton ya yi musu ƙafafu. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeransa sun zuba igwogi a cikin birnin Zinder, yana kuma haɗa albarushinsa. Can yamma kuma maƙeran Samori Ture sun kwance bindigar Faransa ƙirar Gras, mai ci ta ƙeya, suka kwaikwaye ta da guduma da magagari, suka ƙera wadda ke tashi. Ke nan basira ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yanke tsakaninmu da su shi ne awo da maimaici. Maƙeri mai hikima zai iya yin abu ɗaya mai kyau, amma yin dubu masu kama da juna har a musanya sassansu sai da inji, da ma'auni, da ilimin da aka rubuta aka ajiye don na baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Iliminmu na ƙira a cikin zuriya ya zauna, uba ya raɗa wa ɗa, malamai masu alƙalami kuma ba su ɗauke shi abin rubutawa ba. Marubucin yau da ya tsallake ƙeyar igwa ya tafi wajen rawani, wannan tsohuwar rabuwar ce tsakanin alƙalami da maƙera yake ci gaba da rayawa.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don ba yau muka fara jin su ba. Akwai masu cewa ƙaddara ce, lokacin daular ne ya cika. Babu Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara, mu ma ba mu yi ba. Sai dai ba mu taɓa ganin wanda ɗansa ya kwanta da zazzaɓi ya ƙi tambayar abin da ya kawo shi ba don ya yi imani da ƙaddara. Hausawa da kansu suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Akwai kuma masu cewa cin amana ce ta ci Yola, da rigingimun cikin gida, da Hayatu ɗan Sa'idu da ya raba kan jama'ar Fombina da da'awar Mahadiyya. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba mu ce igwa ce kaɗai ta yi aikin ba. Hasali ma, a Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, wannan Morland ɗin dai ya tarar harsasansa suna nutsewa cikin ganuwa kamar an jefa tsakuwa a kunu, sai da ya juya kan ƙyauren ƙofa kafin ya sami shiga. A Satiru a 1906 talakawa da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku suka ƙwace bindiga mai jigida. A Adawa ta ƙasar Habasha kuwa, a 1896, Sarki Menelik ya fatattaki Italiyawa, amma a lura, ya je filin ne da dubban bindigogin zamani da igwogin Hotchkiss da ya saya. Duk waɗannan ba sa fahimtuwa sai ga wanda ya san abin da makamin yake iyawa da abin da ba ya iyawa. Wanda bai san nauyin harsashi ba, ta yaya zai gane dalilin da ganuwar Kano ta shanye shi, ƙyaure kuma ya kasa? Har jaruntakar da ake son a yaba ba ta fitowa sosai sai an san abin da jarumin ya tunkara.

Amsar da ta fi ɓata mana rai ita ce ta 'yan boko, masu cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar irin wannan bayani ba, a bar wa Ingilishi kimiyya, Hausa ta ji da soyayya da karin magana. Abin mamaki, a bakin masu digiri a kan Hausa aka fi jin wannan. To, ga shi mun kwance igwa tun daga baki har ƙeya a cikin waɗannan shafuka, mai karatu ne zai faɗi ko ya ɓata a hanya. Kuma ba mu ne farau ba. Tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya, Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah suna bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausa tsantsa, Umaru Dembo kuma ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa yau ɗalibi yake iya rubuta kundi guda a kan ɗafi da tsarin sauti ba tare da ya ari kalma ba. An yi wa nahawu wannan gata, ba a yi wa ƙarfe ba. Shi kuwa Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, ya soma da yaƙin Kwantagora da Turawa sannan ya wuce da jaruminsa duniyar aljannu. Ba mu ga laifin Malam Bello ba, ya rubuta wa zamaninsa ne, a ƙarƙashin idon mai mulki. Laifin yana kan wanda ya zo bayan shekara casa'in, ga ɗakin karatu ga intanet a tafin hannunsa, amma har yanzu da an yi maganar igwa sai ya gudu wajen aljannu.

Wani malami mai tausasawa zai ce, a ƙasar da ta ga abin da Boko Haram ta yi wa Mubi a 2014, har Yola ta cika da 'yan gudun hijira, ina amfanin cika wa yara kunne da zancen makami? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Babu wanda zai ƙera igwa don ya karanta yadda gammon de Bange yake aiki, kamar yadda babu wanda ya zama likita don ya san zuciya tana da ɗaki huɗu. Abin da ke cikin ƙeyar igwa shi ne abin da ke cikin injin ban-ruwa da manoman rani suke ja da shi a bakin tafkin Geriyo: fistin, da bawul, da tiredi, da abin da zai hana matsi zurarewa ta mahaɗi. Al'ummar da ba ta iya yin wannan ba, ba ta iya yin wancan ba. An kafa ma'aikatar ƙera makamai ta Kaduna tun 1964 da taimakon wani kamfanin Jamus. An aza harsashin kamfanin ƙarfe na Ajakuta tun wajen 1980 da taimakon Tarayyar Sobiyat, Tarayyar ta rushe, babbar tukunyar narkar da tama ba ta soma aiki ba. A nan gida an buɗe jami'ar fasaha ta tarayya a 1981, wadda yau take ɗauke da sunan Modibbo Adama. Amma manomin Geriyo idan gaskit ɗin injinsa ya ƙone, wanda aka yi a Sin yake jira. Matsayinmu bai yi nisa da na Lamiɗo Zubairu da igwar Mizon ba: kayan yana hannunmu, maƙerarsa tana wata ƙasa.

Ba mu ce marubuci ne zai narkar da tama ba. Aikinsa shi ne ya sa abu ya zama abin sha'awa da abin tambaya a zukatan masu tasowa. Yaron da ya karanta labari goma a kan faɗuwar Yola, kowanne yana ce masa aradu ce, zai tashi da tsoron abin da kuma raina kansa. Wanda ya karanta guda ɗaya da ya nuna masa sojan haya, wataƙila ma Bahaushe ɗan'uwansa, durƙushe a bayan igwa yana juya hannun murfi, kwanso mai zafi yana faɗowa ƙasa yana ƙara, wani yana miƙo sabo, wannan yaron zai tambaya wa ya yanka tiredin, da wane inji, me ya sa ba a yanka shi a nan. Kuma ta fuskar adabi ma, wannan hoton ya fi aradu ban tsoro nesa ba kusa ba, domin yana nuna kisa ya zama aiki irin na masaƙa, hannu yana kai da komo babu fushi babu gaggawa.

Saboda haka muna kira ga sashenmu da editocin wannan mujalla da su daina karɓar aman wuta a matsayin siffantawa. Duk wanda ya kawo labari ko waƙa a kan yaƙin Yola, ko Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a watan Yulin 1903, a mayar masa da takardarsa a tambaye shi ta ina igwar take ci. Muna kuma kira a tura ɗaliban shekarar ƙarshe, waɗanda suka gaji da rubuta kundi a kan jigo da salo a littafin da mutum ashirin suka riga suka tatse, su tafi garejojin Jimeta da rumfunan masu walda da maƙeran cikin gari da littafi da alƙalami. Kalmomin suna can a bakin kanikawa, wasu na aro da aka riga aka yi musu kaciya suka zama Hausa, wasu na gado tun zamanin zuga-zugi da uwar maƙera. A tattaro su, a zauna da malaman sashen injiniya a tantance, a buga. Mu a nan mun ba da shawarar ƙeya da sakata da gammo da shuri da laimar kwaɗi. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa, shafukan fitowa ta baɗi suna jiransa.